Shirin Tafiya Karatu Birtaniya: Daga Gyaran Suna a Fasfo Zuwa Hunturun Farko

A tsakiyar watan Satumba na kowace shekara, filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja sukan cika da 'yan rakiya, iyaye da ƙanne da abokai, an zo sallamar ɗalibin da ya samu gurbin karatu a wata jami'a ta Birtaniya. Ana addu'a, ana ɗaukar hoto, ana jaddada masa ya riƙe ibada kuma ya riƙa kiran gida. Abin da ba a cika ambata a wurin ba shi ne cewa yawancin wahalar da kan samu ɗalibi a can tun a gida ake shuka ta, watanni kafin ranar tafiya, ko dai a cikin wata takarda da aka yi kasalar gyarawa, ko kuma a cikin lissafin kuɗin da aka gina a kan kyautata zato.

Na ɗauki Birtaniya a matsayin misali saboda tana cikin ƙasashen da 'yan Najeriya suka fi zuwa neman digiri na biyu, wanda a can shekara ɗaya ake yin sa, kuma ƙa'idojinta a rubuce suke dalla-dalla. Wanda ya nufi Malesiya ko Masar ko Turkiyya ko Indiya zai tarar da alƙaluma daban, amma tsarin shirin bai sauya sosai ba. Duk inda na ce "ka", har da ɗaliba nake nufi.

Suna ɗaya a kan kowace takarda

Shiri na gaskiya yana farawa ne kamar shekara guda kafin tafiya, kuma aikin farko ba ya buƙatar ko sisin kwabo. Ka ɗauko takardar haihuwa, da sakamakon WAEC ko NECO, da shaidar digiri, da katin NIN, da fasfo idan kana da shi, ka shimfiɗa su wuri ɗaya ka karanta sunanka a kan kowace harafi bayan harafi. Wannan matsala ta fi damun mu fiye da sauran jama'a, domin a ƙasar Hausa mutum ɗaya yakan zama Muhammad a firamare, Mohammed a sakandare, Muhammed a jami'a. A wata takardar sunan mahaifi ne na ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata kuma sunan garinsu ne, Gwarzo ko Funtuwa ko Haɗeja. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba takardu a wata ƙasa bai san haka ba, kuma ba aikinsa ba ne ya yi maka uzuri. Haka nan ranar haihuwa: idan an taɓa rage shekaru a wata takarda saboda hidimar ƙasa ko neman aiki, yanzu ne abin zai dawo.

Fasfo shi ne alƙali a kan sauran takardu, shi kuma daga bayanan NIN ake ɗauko abin da ake rubutawa a kansa, don haka daga NIN ake fara gyara. Inda bambancin yake a kan tsohuwar shaidar makaranta da ba za a iya sake bugawa ba, sai a yi rantsuwar kotu da ke tabbatar da cewa sunayen na mutum ɗaya ne, a aika wa jami'a kwafinta tun lokacin neman gurbi. Hukumar shige da fice ta Najeriya tana bayar da fasfo mai shafi 32 na shekara biyar da mai shafi 64 na shekara goma. Mai shirin digiri na uku, ko mai niyyar tsayawa aiki bayan karatu, ya fi masa sauƙi ya yi na shekara goma da ya je yana neman sabuntawa a ofishin jakadanci da ke Landan.

A daidai wannan lokaci ka nemi takardar cikakken sakamakon kwasa-kwasanka daga jami'ar da ka gama. Duk wanda ya taɓa bin wannan takarda ya san tana iya cin makonni, wani lokaci watanni, musamman idan aka ci karo da yajin aiki. Ka kuma sanar da malamai biyu da za su rubuta maka takardar shaida tun da wuri, ka ba su tarihin karatunka a rubuce, domin malamin da ya koyar da ɗaruruwan ɗalibai ba lallai ne ya tuna aikin da ka yi ba.

Gurbi, dillalai da tallafi

Masu neman digiri na farko ta tsarin neman gurbi na bai-ɗaya mai suna UCAS suke bi, masu digiri na biyu kuwa kai tsaye suke nema a shafin jami'a. Babbar shiga ita ce ta Satumba, sai kuma ta Janairu wadda kwasa-kwasanta ba su kai na farkon yawa ba. Jami'o'i da dama suna karɓar sakamakon Ingilishi na WAEC daga C6 zuwa sama a madadin jarrabawar ƙwarewa a Ingilishi ta IELTS, wasu kuma sukan ƙayyade shekarun da sakamakon ya yi, saboda haka ka tambaya a rubuce kafin ka kashe kuɗin jarrabawa. Idan ta kama sai ka yi IELTS, ka tuna shekara biyu kawai sakamakonta yake aiki. Wasu fannonin kimiyya da injiniyanci a matakin gaba da digiri na farko suna buƙatar wata takardar izini mai suna ATAS, wadda kan ɗauki makonni kafin ta fito, kuma ba a bayar da biza sai da ita.

Kafin ka biya wa wata makaranta ko kwabo, ka tabbatar da abu biyu: tana cikin jerin makarantun da gwamnatin Birtaniya ta ba lasisin ɗaukar ɗalibai daga waje, kuma shaidarta za ta karɓu idan ka dawo. Na biyun ba abin wasa ba ne. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya fallasa yadda ake sayen shaidar digiri a cikin 'yan makonni, abin da ya rutsa har da waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Wanda zai karanci likitanci kuma ya san da zamansa cewa akwai jarrabawar majalisar likitoci ta MDCN da ke jiran duk wanda ya yi karatu a waje.

Game da dillalan neman gurbi, ra'ayina shi ne mai iya karatu da rubutu har ya gama digiri ba ya buƙatar su, amma idan za ka yi amfani da su, ka san cewa jami'a ce take biyan dillali la'ada a kan kowane ɗalibi da ya kai mata, don haka zai iya tura ka inda la'adarsa ta fi tsoka. Kada ka bari wani ya buɗe adireshin imel da sunanka ya riƙe mabuɗin, kada ka bari a rubuta maka bayanin dalilin zaɓen kwas ɗinka ba tare da ka san abin da ke ciki ba, kuma kada ka tura kuɗin makaranta ta asusun kowa sai na jami'ar. Takardar bogi guda ɗaya, ko da ba kai ka haɗa ta ba, tana iya jawo a hana ka shiga ƙasar har shekara goma.

Tallafin karatu akwai shi, sai dai neman sa yana gaba da neman biza da kusan shekara. Chevening, na gwamnatin Birtaniya, yakan buɗe a watan Agusta, yana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara biyu, kuma sharaɗinsa ne ka koma gida na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Akwai na Commonwealth da ake bi ta Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya, akwai na PTDF ga fannonin da suka shafi man fetur da makamashi, sannan jihohi sukan tura ɗalibai lokaci zuwa lokaci. Wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ma ya tafi da guzurin wata biyu ko uku, domin alawus yakan makara, mai gidan haya kuwa ba ya jira.

Lissafin da ba a yi masa kara

Nan ne gizo ke saƙar. Bayan jami'a ta ba ka gurbi kuma ka biya kafin alƙalami, za ta ba ka wata lamba da ake kira CAS, wadda a cikinta aka rubuta kuɗin makarantar da abin da ka riga ka biya. Don samun biza dole ka nuna kana da ragowar kuɗin shekarar farko, tare da kuɗin zaman wata tara. A ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, kuɗin zaman ya kama fam 1,483 a wata ga mai karatu a Landan, da fam 1,136 ga na wajen Landan. Ana ƙara waɗannan alƙaluma lokaci zuwa lokaci, don haka na ranar da za ka nema ne abin dogaro, kuma suna nan a shafin gwamnatin Birtaniya. Kuɗin dole su zauna a asusu kwana 28 a jere ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko da na wuni ɗaya, sannan ranar ƙarshe ta takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka cika takardar neman biza.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya ci karo da yadda muke rayuwa. A wurinmu sau da yawa baffa ne ko kawu ko yaya yake ɗaukar nauyin karatun yaro, kuma babu wanda yake ganin baƙon abu a ciki. Dokar biza ba ta san wannan zumunci ba: asusun da take karɓa shi ne naka, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko na wanda kotu ta ba riƙonka. Idan na iyaye ne, sai an haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Idan kawu ne zai biya, mafita ita ce ya zuba kuɗin a asusunka tun kafin a fara ƙirga kwana 28 ɗin. Kuma tun da da naira ake ajiyar amma da fam ake aunawa, a farashin ranar da ka nema, hikima ce a ɗora wani abu a kai, domin naira tana iya faɗuwa a tsakiyar kwanakin ta bar ka da giɓi alhali ba ka taɓa ko kwabo ba.

Ban da wannan akwai kuɗin biza, wanda ya koma fam 524 a Afrilun 2025, da harajin kiwon lafiya na fam 776 a kowace shekara, wanda ake biya gaba ɗaya tun kafin a duba takardunka. Sai gwajin tarin fuka, sai tikitin jirgi, sai kafin alƙalamin ɗaki.

Kuskuren da ya fi kowanne jefa ɗalibai cikin ƙunci shi ne a ranto kuɗi a nuna a banki, a biya kaso na farko na kuɗin makaranta, sannan a ce sauran zai fito daga aikin da yaro zai yi a can. A ɗauki alƙalami a gani. Bizar ɗalibi ta ba da izinin aikin awa 20 a mako lokacin da ake karatu. Mafi ƙarancin albashi ga ɗan shekara 21 zuwa sama ya koma fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Wato idan ka samu aikin tun makon farko, kuma aka ba ka awannin cif, abin da za ka samu a wata a wannan farashi bai wuce fam 1,060 ba, bai ma kai abin da gwamnatin da kanta ta ce mutum yana buƙata don ci da kwana a wajen Landan ba. Kuɗin digiri na biyu kuwa a jami'o'i da yawa ya haura fam 15,000. Aikin ɗalibi yana iya ɗauke haya da cefane. Kuɗin makaranta daga gida ko daga tallafi yake fitowa.

An ga abin da wannan ke haifarwa. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, ajiyar da iyaye suka yi ta narke a hannunsu, kuma tsarin Form A da ake samun canji mai sauƙi ta cikinsa ya daina zama rangwame. A 2024 ɗaliban Najeriya a wata jami'a ta arewa maso gabashin Ingila sun kasa cika kaso na gaba, aka dakatar da su daga karatu, aka kai sunayensu ma'aikatar harkokin cikin gida, wasu aka umarce su da barin ƙasar. Wanda yake da hali ya biya kuɗin makarantar gaba ɗaya tun yana gida, ko ya mayar da ajiyarsa dala ko fam a asusun kuɗin waje. Wanda bai da shi kuma ya nemi jami'a ta ɗage masa gurbin zuwa shekara mai zuwa, abin da yawancinsu suke yarda da shi. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Biza

Ana iya neman biza tun wata shida kafin fara karatu, kuma amsa takan fito cikin kimanin mako uku, sai dai Yuli da Agusta lokacin cunkoso ne. Gwajin tarin fuka ba a kowane asibiti ake yin sa ba, sai a cibiyoyin da aka amince da su, kamar na hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja da Legas, kuma takardarsa wata shida take aiki. Ka kama layi da wuri domin ranakun sukan ƙare. Ana iya kiran ka hira, ko jami'a ko jami'an biza, a tambaye ka me ya sa wannan kwas, me ya sa wannan gari, darussa nawa ne a ciki, wa zai biya. Amsar da aka haddace daga bakin dillali tana da saurin ganewa.

Magidanta su lura cewa tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya iya tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya. Damar ta rage ga masu digirin bincike irin na uku da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Don haka a cikin lissafi a sa kuɗin gida biyu, kuma a zauna da iyali a tsara wanda zai kula da su. Katin zama na roba da aka sani da BRP an daina shi a ƙarshen 2024, biza ta koma ta intanet, saboda haka ka buɗe asusunka na hukumar shige da fice ta Birtaniya, ka tabbatar lambar fasfonka ce a ciki kafin ka nufi filin jirgi. Ba a shiga ƙasar kafin ranar da bizar ta fara aiki, wadda yawanci ba ta wuce wata ɗaya kafin fara karatu.

Abin da ke shiga akwati

Kilishi, dambun nama, man shanu da duk wani nama ko abin da aka yi da madara haramun ne shiga da su Birtaniya daga Najeriya, kuma ƙwacewa ake yi. Ka faɗa wa Hajiya tun da wuri, kafin ta sa a yi maka na musamman. Garin kuka, yaji, busasshiyar kuɓewa da citta su ne suka fi amfani, a ɗaure su da kyau a leda a rubuta sunan kowanne. Shinkafa, doya, manja da garin rogo duk ana samun su a shagunan 'yan Afirka da na 'yan Asiya a kowane babban gari, ba sai ka cika awonka da su ba. Magani mai ɗauke da kodin ko tiramadol doka tana sa ido a kansa, ba a tafiya da shi sai da takardar likita. Kada kuma ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na wane ne; kunyar ƙin karɓa ta fi sauƙi a kan bayani a gaban jami'an kwastan.

Rigar sanyi ɗaya ta isa ka sauka da ita, babbar kuwa a can za ka saya, domin wadda ake sayarwa a nan don hunturunmu ba ta tare ruwa da iskar can. Ka tafi da kaya na gida ko biyu, kaftani da hula ko atamfa, saboda Idi da tarukan ɗalibai. Soket ɗin lantarkinsu irin namu ne mai ƙafa uku. Takardunka na asali, da takardar CAS, da adireshin masauki, su kasance a jakar hannu, kuma ka ajiye hotunansu a imel. Ɗaliban da yaƙi ya koro daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023 sun ga yadda ci gaba da karatu ke wuya ga wanda takardunsa suka salwanta.

Makon farko

Ka samu masauki tabbatacce kafin ka tashi. A shekarar farko ɗakin kwanan jami'a ya fi kwanciyar hankali ko da ya ɗan fi tsada, domin wuta da ruwa da ɗumama ɗaki da intanet duk suna cikin kuɗin, kuma mace tana iya neman sashen mata zalla. Masu gidajen haya na waje sukan nemi wani mazaunin ƙasar ya tsaya maka, abin da baƙo ba ya da shi. Kada ka tura kuɗi don ɗakin da ka gani a Facebook kawai, wannan tsohuwar hanyar damfara ce. A Ingila kuɗin ajiya na haya ba ya wuce na mako biyar, kuma dole mai gida ya sa shi a wani asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ka nemi shaidar hakan, ka kuma ɗauki hoton ɗakin ranar da ka shiga. Cikakken ɗalibi ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, amma sai ya karɓi wasiƙa daga jami'a ya miƙa.

Sauran ayyukan makon gajeru ne: kammala rajista a jami'a, sayen layin waya, buɗe asusun banki da wasiƙar jami'a, yin rajista da likitan unguwa da suke kira GP tun kana lafiya, da neman lambar inshorar ƙasa da ake buƙata don aiki, wadda kyauta ce. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya kuma 111. Katin rangwamen jirgin ƙasa na matasa yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, kuma cikakken ɗalibi yana iya samun sa ko da ya wuce shekara 25.

Awa 20 ɗin nan a kowane mako ake ƙirga su, daga Litinin zuwa Lahadi, ba a yin 30 a wannan mako a ce za a rage a na gaba. Sana'ar kai ma ba ta halatta ga mai bizar ɗalibi ba, ko da kitso ne ko sayar da abinci daga ɗaki ko kai saƙo da keke a matsayin mai zaman kansa. Idan wani ya ce ka ara masa asusunka kuɗi su wuce ya ba ka wani abu, ka ƙi, domin safarar kuɗin haram ke nan a dokarsu. Wanda kuma ya kira ka a waya ya ce daga ma'aikatar cikin gida yake, ka biya tara yanzu ko a kore ka, ɗan damfara ne.

A cikin aji

Awannin lacca kaɗan ne, kuma wannan yakan yaudari sabon zuwa ya ɗauka karatun da sauƙi, sai mako na takwas ya tarar da rubuce-rubuce uku suna jiran sa a lokaci ɗaya. Malami ba ya neman ka maido masa da abin da ya faɗa; yana so ya ga ka karanta marubuta da dama, ka auna hujjojinsu, ka tsaya a kan matsaya. Mu da aka rene mu a kan cewa musu da malami rashin ladabi ne mukan sha wuya a nan, haka ma kiran farfesa mai furfura da sunansa na yanka, amma haka al'adarsu take kuma shiru a aji ba ya ƙara maki. A digiri na biyu 50 ce makin ci, 60 yabo, 70 kuwa daraja ta ɗaya, don haka wanda ya samu 65 kada ya ɗauka ya gaza.

Ɗauko jimlar wani ba tare da ambaton mai ita ba babban laifi ne, akwai manhajoji irin su Turnitin da ke gano shi, kuma kowace jami'a tana da ƙa'idarta a kan amfani da ƙirƙirarriyar basira. Halartar aji ma ana rubutawa, domin dole jami'a ta kai rahoton ɗalibin da ya ɓace. Idan rashin lafiya ko rasuwa a gida ta hana ka aiki, ka sanar a rubuce kafin ranar miƙa aikin ta wuce, akwai tsarin ɗaga ƙafa.

Hunturu da kewar gida

Sanyi ana maganinsa da tufafi. Abin da ba a shirya masa shi ne duhu. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas, kuma kafin huɗu na yamma an yi Magariba, ta yadda Azahar da La'asar da Magariba duk sukan faɗo cikin awannin lacca; ka nemi ɗakin salla na jami'a tun makon farko, ka riƙa yawo da jadawalin lokuta na masallacin garin. A watan Yuni abin yakan juye, rana ta kai bayan tara na dare. Ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a dawo da shi a ta ƙarshen Maris, wato a hunturu Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya, a bazara kuma lokaci ɗaya ne. Hukumar lafiya ta NHS tana shawartar masu duhun fata su riƙa shan sinadarin bitamin D duk shekara saboda ƙarancin rana.

Naman halal ba ya wuya a garuruwa irin su Birmingham, Bradford, Leicester da Manchester, a ƙananan garuruwa kuwa sai an tambaya. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da majami'u ga Kiristoci, da ƙungiyar ɗaliban Najeriya, su ne wuraren da ake jin labarin ɗaki mai araha da aikin da ake ɗauka. Amma kada zamanka ya tsaya a cikin 'yan gida kaɗai, domin rabin amfanin tafiyar yana cikin abokan aji daga Sin da Indiya da Pakistan da sauran wurare. Wanda ya saba da gidan da ba a rasa sallama zai ji nauyin ɗakin da babu mai ƙwanƙwasawa. Idan abin ya kai ga rashin barci ko ƙin fita, jami'a tana da masu ba da shawara kyauta kuma cikin sirri, zuwa wurinsu ba raunin imani ba ne.

Tun kafin ka tashi ka yi wa dangi bayani a fili cewa ɗalibi kake, domin da zarar an ji mutum yana Turai buƙatu sukan fara shigowa, na biki da na suna da na asibiti, kuma mai jin kunyar cewa babu shi ne yake ƙetare awa 20. Ya fi kyau maganar ta fito daga bakin mahaifi ko babban yaya.

Ranar ƙarewar bizarka ka rubuta ta inda za ka riƙa gani. Mai son tsayawa aiki bayan kammalawa dole ya nemi bizar masu digiri yana cikin ƙasar kuma kafin ta ɗalibi ta ƙare. Shekara biyu take bayarwa, uku ga mai digiri na uku, kuma gwamnati ta sanar da rage ta farkon zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Mai komawa gida kuma ya karɓi shaidar digirinsa da cikakken sakamako kafin ya taso, ya adana tsohon fasfonsa da duk hatiman da ke ciki, domin za a nemi waɗannan a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya wajen tantance shaidar, haka kuma a hukumar NYSC ga wanda digirinsa na farko ne ya yi a waje.